Yadda zaka zaɓi keken da zaka zauna a kai miƙe, na zirga-zirgar yau da kullum

Tun ranar 29 ga watan Mayun 2023 da aka cire tallafin man fetur a Najeriya kekuna suka fara dawowa kan titi, magidanta waɗanda rabonsu da taka feda tun suna sakandare yanzu zaka gansu da sassafe sun nufi wajen aiki ko kasuwa. Ni wallahi abin yana min daɗi, amma abinda ke damuna shi ne da yawa suna sayen keken da bai dace da jikinsu ba, sati biyu uku sai kaga an jingine shi a zaure ƙura ta lulluɓe shi, in ka tambaya ace ai keke wahala ne, baya na ciwo, hannu na sagewa, mazaunai kuwa ba'a magana.

Nima haka ta faru dani da farko. Na shiga kasuwa naga wani keken hawan dutse mai sheƙi, giya 21, shokazoba gaba da baya, kansa miƙaƙƙe kamar sanda, mai shagon yace min wannan shi ake yayi, na biya na tafi. Tafiyata kilomita shida ce zuwa wajen aiki, kafin na kai ƙaramin yatsana da na kusa dashi sun sage saboda duk nauyina yana kan tafin hannu, wuyana ya ƙage saboda a duƙe nake kuma dole in ɗaga kai in ga hanya, ranar Juma'a kuma sarƙa ta cinye min ƙafar wandon sabuwar shadda. Wata huɗu na sayar dashi da asara. Wanda nake hawa yanzu shekara ta biyu kenan, zama nake a kansa kamar ina kan kujera, bayana a miƙe, idona na kan titi, kuma shi nake so kowane babba mai son keken yau da kullum ya nema.

Mataki na farko tun a gida ake yinsa, kafin ka taka kasuwa. Ka zauna ka lissafa hanyarka, kilomita nawa ne zuwa da dawowa, kwalta ce ko burji ko akwai yashi, akwai tudu ko shimfiɗaɗɗiya ce, me zaka riƙa ɗauka, kuma da wace sutura zaka riƙa hawa. Wanda ke cikin Kano ko Maiduguri ko Maraɗi inda ƙasa take kwance ba buƙatarsa ɗaya da na Jos ko Abuja ba inda hawa da gangara suka yi yawa. Irin keken da nake magana a kai yana da daɗi sosai daga kilomita ɗaya zuwa goma ko sha biyu, amma gaskiya in tafiyarka ta haura kilomita sha biyar zuwa kaɗai kuma kana fuskantar iskar hunturu, zaman miƙe zai sa ƙirjinka ya riƙa tare iska ka gaji da wuri, toh a nan gara ka nemi wanda zaka ɗan sunkuya kaɗan. Sai tambaya ta ƙarshe wacce mutane ke mantawa, waye zai gyara maka shi, ka leƙa wajen mai gyaran keke na unguwarku ka ga irin taya da tif da sifok da yake ratayewa, domin abinda ke rataye a rumfarsa shi zaka samu ranar da keke ya tsaya maka.

Na biyu, ka san irin kekunan da zaka tarar. Akwai baƙin keke na iyayenmu mai wili inci 28 da birkin sanda, wanda Raleigh na garin Nottingham a Ingila ya yi suna dashi har kowa yake cewa Rali, yau kuma mafi yawa Phoenix ne ko Flying Pigeon na Chaina ko Hero da Avon na garin Ludhiana a Indiya. Yana da nauyi, kilo 20 ko fiye, amma yana ɗaukar buhu yana ɗaukar jarka, kuma babu ƙauyen da za'a rasa mai gyara shi. Akwai keken Japan na hannu, wanda can ƙasarsu suke kira mamachari, shi ne iyaye mata ke zuwa cefane da kai yara makaranta dashi, yana zuwa da kwando a gaba da murfin sarƙa da makulli a jikin wilin baya da fitila mai dainamo, in ka ga Bridgestone ko Panasonic ko Miyata a jiki to kamfanonin kirki ne. Akwai na Holand irin su Gazelle da Batavus, su ne suka fi kowa zaman miƙe kuma sun dace da dogayen mutane, sai dai ba kullum ake samunsu ba kuma wasu kayansu sai an sha nema. Sai iri na huɗu waɗanda suke tsakanin keken gari da na hawan dutse, firam ɗin alminiyam, giya bakwai ko fiye, marasa nauyi, wasunsu in ka canza musu kai suna zama daidai. Kowanne ka ɗauka dai ka duba sunan da kyau, saboda sitika ba wuyar liƙawa gareta ba, na gaske yawanci zaka ga tambarin ƙarfe a goshin firam da lamba da aka buga a jikin ƙarfen.

Na uku maganar firam, mai sanda ko marar sanda. Nasan a wajenmu marar sanda ana ce masa keken mata kuma maza da yawa suna jin nauyin hawansa, toh dan Allah malam ka cire wannan a ranka. Kai da kake sa kaftani ko jallabiya, ko ka ɗaure kaya a baya yadda ba zaka iya wurga ƙafa ta kan sirdi ba, ko gwiwa da ƙugu sun fara magana saboda shekaru, marar sanda shi ne rufin asirinka, ka zura ƙafa ta gaba ka zauna, in wani mai adaidaita ya tsaya maka kwatsam ka sauko da ƙafa biyu ba abinda zai buge ka. A Japan da Holand maza da kwat da jakar ofis suna hawansa kullum. Ke kuma 'yar'uwa mai zani ko doguwar riga da hijabi, wannan shi ne naki kai tsaye, sai dai ki tabbata akwai raga ko murfi a gefen wilin baya yadda bakin hijabi ba zai shiga sifok ba, wannan ba ƙaramin haɗari bane. Inda mai sanda ya fi shi shi ne kaya mai nauyi sosai, domin firam mai sanda baya lanƙwasa ko rawa in an lafta masa buhu.

Ƙarfe ko alminiyam kuwa, ka tafi da ɗan mayen ƙarfe a aljihu, in ya kama ƙarfe ne in bai kama ba alminiyam ne. Ƙarfe ya fi nauyi kuma yana tsatsa amma in ya tsage kowane mai walda zai ɗinke maka, alminiyam in ya tsage sau da yawa shikenan. In gidanka a bene yake kuma kullum sai ka ɗauki keken ka hau dashi, a nan ne nauyi zai dame ka, in ba haka ba a shimfiɗaɗɗiyar hanya kilo uku huɗu ba wani abu bane.

Na huɗu shi ne awo, kuma nan ne akasari ake yin kuskure saboda ana sayen keke da ido. Ka je da takalmin da kake sawa kullum. In mai sanda ne ka tsaya da sandar a tsakanin ƙafafunka, tafin ƙafa biyu a ƙasa, lallai a samu tazarar yatsa biyu ko uku tsakanin sandar da jikinka, in tana taɓa ka ya maka girma ko nawa aka rage maka kar ka saya. Baƙin keke yana zuwa da firam inci 22 da inci 24, na 22 shi ya dace da matsakaicin mutum, na 24 na dogaye ne masu kai wa ƙafa shida. Keken Japan kuma an yi shi ne daidai jikin mutanen can, dogo sosai zai ji gwiwarsa na neman bugun kan keke, kaga irin wannan gara ya nemi na Holand ko baƙin keke.

Daga nan ka hau sirdi wani ya riƙe maka, ka juya feda ɗaya ta sauka can ƙasa, ka ɗora dunduniyarka a kai. In ƙafarka ta miƙe sak ba tare da ka karkata ƙugu ba, tsawon sirdi ya yi, in ka mayar da gaban tafin ƙafa kan feda yadda ake tuƙi zaka ga gwiwa ta ɗan lanƙwashe kaɗan, haka ake so. Mutanenmu suna son sauke sirdi ƙasa sosai don su dafa ƙasa da tafin ƙafa biyu suna zaune, shi ne ke kawo ciwon gaban gwiwa da saurin gajiya, in sirdi ya yi daidai yatsun ƙafa kawai zasu taɓa ƙasa. In kuma ka ga ƙugunka na rausaya hagu da dama kana tuƙi to ya yi sama da yawa. Abu ɗaya da ba'a wasa dashi, a jikin ƙarfen sirdin akwai wani layi da aka zana kusa da ƙarshensa, in sai ka zaro ƙarfen ya wuce wannan layin kafin tsawon ya maka daidai, keken ya maka kaɗan, kuma hawa a haka yana iya fasa firam ko ƙarfen ya karye da kai.

Kan keke shi ne ke yanke hukuncin ko zaka zauna miƙe ko a duƙe. Ka nemi wanda ya lanƙwaso baya zuwa wajenka kamar ƙahon sa, wajen riƙonsa ya fi sirdi tsawo da kamar faɗin tafin hannu ko fiye. In ka kama, gwiwar hannunka ta ɗan lanƙwashe, kafaɗa ta sauka, wuyan hannu a miƙe kamar zaka gaisa da mutum. Gwajin da nake yi shi ne in sassauta riƙo ina tafiya a hankali, in naji jikina na neman faɗawa gaba to nauyi ya yi yawa a hannu. Tsofaffin kekuna da na Japan akwai noti ɗaya a saman wuya, in aka sassauta shi kan yana hawa yana sauka, shima yana da nasa layin da ba'a wucewa. Baƙin keke mai birkin sanda kuwa ba'a iya ɗaga kansa sosai saboda sandunan birkin, dan haka yadda ka same shi kusan haka zaka hau shi, ka gwada da kyau tun a shago.

Sirdi bari in ɗan daɗe a kansa. Tunda zama miƙe zaka yi, kusan duk nauyinka zai koma kan ƙasusuwa biyu na mazaunai, dan haka kana buƙatar sirdi mai faɗi ta baya, siririn sirdin 'yan tsere ba naka bane. In kana so ka san faɗinka, ka samu kwali mai kauri ka ɗora kan benci ko dakali ka zauna da ƙarfi na ɗan lokaci, in ka tashi zaka ga ramuka biyu, ka auna tsakaninsu, yawancin manya zai faɗa tsakanin santimita 10 zuwa 14, sirdinka ya fi wannan faɗi da santimita uku huɗu. Kar laushi ya ruɗe ka, sirdin da yatsa ke nutsewa ciki kamar katifar soso yana da daɗi minti goma na farko, daga nan ƙasusuwan su nutse soson ya taso ya danne tsakiya inda jijiyoyi suke, sai sagewa da zafi. Mai ɗan tauri da sifirin biyu a ƙasa shi ne daidai, sifirin ɗin ne zai shanye ramukan hanya kafin su kai ga gadon bayanka, saboda mai zaman miƙe duk bugun da wilin baya ya yi kai tsaye yake hawa ƙashin baya. Ka sa a daidaita shi a kwance, hancinsa kar ya kalli sama kar ya kalli ƙasa. Sati na farko dole zaka ji ɗan tsami ko wane sirdi ne, wannan yana wucewa, amma sagewa a gaba ba abin jurewa bane, a gyara ko a canza. Wanda kuma yake da ciwon baya na asibiti ya fara jin ta bakin likitansa.

Na biyar taya, kuma ga wani abu da ya sa mutane da yawa asara. Ba kowane 26 ne 26 ba. Ka duƙa ka karanta gefen tayar, zaka ga lambobi biyu da ɗan layi a tsakani, misali 37-590, ta farko faɗin tayar ne a milimita, ta biyu kuma faɗin da'irar gargaren ne in aka auna ta tsakiyar wili. Keken Japan mai 26 x 1 3/8 lambarsa 590 ce, keken hawan dutse mai 26 x 1.95 lambarsa 559, duka ana ce musu 26 amma ɗaya bata shiga ɗaya. Haka baƙin keke mai 28 x 1 1/2 lambarsa 635, na Turai da suke rubuta 700C ko suma 28 lambarsu 622, na 27 kuma 630. Ka ɗauki hoton lambar da waya ka je ka tambayi masu kaya ko suna da ita kafin ka biya kuɗin keken, na taɓa ganin keke lafiyayye ya yi wata biyu a jingine saboda taya kawai.

Faɗin taya daga milimita 37 zuwa 47 shi ne daidai wa hanyoyinmu, tana shanye gargada kuma bata saurin nutsewa a yashi, in unguwarku rairayi ne sosai ka ɗauki mai faɗin 50. Mai manyan ƙuraje irin ta hawan dutse a kan kwalta ƙara kawai take da cin ƙarfi. In kana bin hanyar gona ko bayan gari inda tsidau yake, ka sayi taya mai kauri ko ka sa mai faci ya shimfiɗa maka tsohuwar tif a ciki tsakanin taya da sabuwar tif, yana rage faci sosai. Ka duba bawul ma, iri uku ne, akwai irin na mota wanda kowane mai faci a bakin titi zai baka iska, akwai irin na baƙin keke da na Japan mai 'yar roba a ciki wacce in ta tsufa iska ke zurarewa cikin dare alhali tif ɗin lafiya lau, ka sayi 'yan robobin ka ajiye, sai siririn na 'yan tsere wanda sai da famfonsa. Shokazoba kuwa a keke mai araha nauyi ne kawai da ƙara, wata shida ƙura ta shiga ta sandare, taya mai faɗi da sirdi mai sifirin sun ishe ka.

Na shida giya da birki. In garinku a kwance yake keke marar giya ya wadatar, ba waya ba abin lalacewa. In ka ji ya maka nauyin taka, ba sai ka canza keke ba, ka ƙirga haƙoran firwil na baya. Da faranti mai haƙori 44 a gaba da firwil 18 a wili 28, duk juyin feda ɗaya kana cin kusan mita biyar da rabi, in aka sa 20 ya koma kamar mita biyar, in 22 ne mita huɗu da rabi, ƙafa ta samu sauƙi sai dai gudu ya ragu kuma za'a ƙara wa sarƙa 'yan gaɓoɓi. In akwai tudu, wanda na fi so shi ne giya uku ta cikin cibiyar wilin baya, Sturmey-Archer suka fara yinta a Ingila tun 1902, yau kuma Shimano Nexus ce zaka fi gani a kekunan Japan. Komai nata a rufe yake ƙura bata shiga, kuma kana tsaye a danja zaka iya sauya ta, sai dai ka tabbata duka ukun suna shiga tun a wajen saye saboda ba kowane mai gyara ke buɗe cikinta ba. Giyar waje mai reto a gefen wili ta fi yawan zaɓi kuma kayanta sun fi samuwa, amma sai kana taka feda take sauyawa, tana kwasar yashi, in keke ya faɗi ta gefen dama ta lanƙwashe. Shida ko bakwai a baya da faranti ɗaya a gaba ya ishi kowa, har mutumin Jos.

Birkin sanda yana daɗewa amma riƙonsa ba ƙarfi sosai, musamman da damina in gargaren ƙarfe ya jiƙe, sai ka matsa ka ji keke na ci gaba da tafiya, dan haka mai irinsa ya koyi fara birki da wuri. Gargaren alminiyam da birkin waya sun fi kamawa cikin ruwa. Wasu kekunan Japan birkin bayansu wani ɗan gwangwani ne a cibiyar wili mai ƙugi in ya tsufa, kar ka zuba masa mai don ya yi shiru, birkin zai daina kamawa gaba ɗaya. Wasu na Holand kuma da feda ake birki, ka mayar da ita baya ya tsaya, sai an saba. Kuma ka gwada wane hannu ne na gaba, a na Japan da Ingila da Indiya dama ce gaba, a na Amurka da galibin Turai hagu ce, ka sani tun kafin ranar da zaka matsa a firgice.

Na bakwai kayan jiki, waɗannan ba ado bane su ne ke sa ka hau keke da kayan zuwa aiki ka sauka tsaf. Madigadi gaba da baya saboda taɓon damina, murfin sarƙa saboda wando da zani, jak mai ƙafa biyu in kana lodi, ƙararrawa, farar fitila a gaba ja a baya, makulli na kirki wanda zai haɗa firam da ƙarfe ko bishiya domin na jikin wili kaɗai ɓarawo ɗaukar keken zai yi ya tafi, da hular kwano in kana shiga babban titi. Kariyar ɗaura kaya ta baya ka duba jikinta, da yawa an buga kilon da take ɗauka, 18 ko 25 ko 27, ka tuna jarkar ruwa mai lita 25 ruwan cikinta kaɗai kilo 25 ne cif, in biyu zaka riƙa ɗaurawa to baƙin keke da kariyar da maƙeri ya ƙarfafa zaka nema. Kwandon gaba na cefane ne da jaka, in ka cika shi da nauyi kan keke zai riƙa fizgar ka.

Na takwas, in na hannu zaka saya kar ka je kai kaɗai, ka ɗauki mai gyaran unguwarku ka biya shi kuɗin wuninsa. Ranar da na sayi nawa da wani dattijo mai gyara muka je, bai ko kalli fentin ba, ya tsuguna ya shafa ƙarƙashin firam daidai bayan wuya da yatsa, yace ɗana nan ake fara dubawa, in keke ya taɓa karo ta gaba ƙarfen yana tattarewa a nan fenti ya tsattsage, ya koma gefe ya kalli ƙafafun da suka riƙe wilin gaba ko sun koma baya. Ya ɗaga gaban ya juya wili ya kara wani ɗan tsinke kusa da gargare yana kallon ko zai taɓa ya bari, ya bi sifok biyu biyu yana matsawa yana jin wanda ya saki. Ya matse birkin gaba ya tura keken gaba da baya yana sauraron ƙwas ƙwas a wuya, ya kama ƙafar feda ya girgiza ta gefe don jin ko boris ɗin tsakiya ya ci, ya ja sarƙa daga gaban faranti, yace in ta ɗago har kana hango haƙori ta gama aiki. A ƙarshe ya ciro sifana ya kwance notin sirdi yace in ja, na farko da muka duba ƙarfen sirdin ya manne da tsatsa ko motsi baya yi, yace Alhaji bar wannan ko kyauta ne, mu duba na gaba. Kekuna huɗu muka duba kafin ya gyaɗa kai.

Taya da tif da robar birki da waya da sirdi duk ƙananan abu ne, in sun mutu ka sa su cikin ciniki a rage maka. Firam mai tsaga ko lanƙwasa, da giyar ciki da bata shiga, su ne ake gudu. In kuma sabo ne daga kwali, a kasuwa ake haɗa shi kuma sau da yawa cikin gaggawa, ka sa a buɗe cibiyoyin wili da tsakiya da wuya a cika musu giris a ɗaure sifok kafin ka fara hawa.

Na tara ka hau ka gwada, ba zagaye ɗaya a gaban shago ba, ka bar waya ko katin shaida ko ɗan rakiyarka a wajen ka yi minti goma, ka bi ta kan gargada da gangan, ka yi kwana hagu da dama ka ga ko kan keke na bugun gwiwarka, ka matsa kowane birki shi kaɗai, ka sassauta hannu ka ji ko yana ja gefe ɗaya. In mai kaya ya hana gwaji ka wuce shago na gaba. Wajen biya kar ka zuba duk kuɗinka a keken, ka rage kamar kashi ɗaya cikin biyar na makulli da fitila da famfo da ɗan gyara. Ka karɓi rasit mai ɗauke da lambar firam, yawanci tana ƙarƙashin inda feda ke juyawa ko a goshi ko ƙasan sirdi, ka ɗauki hotonta, kuma keken da aka kawo maka a lungu da arahar da ta wuce hankali ba rasit ba shaida ka bar shi, kayan wani ne.

Sati biyu na farko ka riƙa yawo da sifana ko alanki a aljihu, in kaji ciwo a gaban gwiwa ka ɗaga sirdi rabin santimita ka sake gwadawa, kar ka canza abu biyu a rana ɗaya don ka gane wanne ya yi aiki, ranar da ka samu daidai ka zana layi da ƙusa ko ka naɗa salatif a ƙarfen sirdin saboda yara da masu aro. Iska ka duba duk sati, adadin da tayar ke so yana rubuce a gefenta. Sarƙa ɗigo kaɗan na mai ka goge sauran da tsumma, da hunturu in ka jiƙa ta da baƙin mai ƙura ce zata manne ta zama kamar dutsen wasa wuƙa tana cin haƙora. Bayan sati biyun ka mayar dashi wajen mai gyara ya sake bin sifok da wayar birki da notunan feda, saboda a wannan lokacin ne sabon ɗauri yake saki.